Wa Ya Yanka Barewar Alhaji Sodangi?

Angulaye ne suka nuna wa Mahmuda wurin. Ya shigo gandun da sassafe, cikin hutun babbar Salla, sai ya hango su suna shawagi a kan wata aduwa da ke can gefen hanyar mota. Da ya isa ya tarar da barewa kwance, an yanke mata wuya, ba a ɗauki ko tsoka ɗaya daga jikinta ba.

Gandun na Alhaji Sodangi ne, tsohon mai motocin haya na Ƙaura Namoda. Ya kewaye wani daji da waya a bayan Tungar Kanya, kan hanyar Zurmi, ya zuba jiminai da gada da birai da barewa. Tun da hanyoyin zuwa manyan gandayen daji na nesa suka zama abin tsoro, masu hali na Ƙaura da Shinkafi sukan kawo iyalansu nan su kwana a ɗakunan baƙi, a zaga da su a buɗaɗɗiyar mota su ga dabbobi. Barewar da aka yanka ita kaɗai ce mace a cikin 'yan'uwanta, daga Nijar aka kawo ta, kuma tana da ciki.

Mahmuda tsohon maharbi ne da ya rataye bakansa. Aikinsa yanzu shi ne ya zauna gefen direba, ya karanta sawu, ya nuna inda dabbobi suke, ya hana baƙi wuce gona da iri.

Kafin rana ta ɗaga mutane sun cika gindin aduwar. Alhaji Sodangi ya zo da carbi a hannu, idanunsa sun yi ja. Shamsuddeen, shugaban 'yan sa-kai na garin, ya zo da yaransa da bindigoginsu na gida. An yi ruwa jiya bayan isha'i, ƙasa ta kwanta sumul, don haka sawun da ke kanta ko makaho zai iya lalubawa.

"Mi kag gani, Mahmuda?" in ji Alhaji.

"Sawun saniya da na mai ita. Ta ɓular wayar can sunka shigo. Takalmin makiyaya na."

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai gama dubawa ba, kuma ya san bai gama ba. Ya yi saurin magana ne don kada a tambaye shi inda yake jiya da yamma. Ya tafi suna Zurmi ba tare da ya faɗa wa Alhaji ba, mota ta fita da baƙi babu shi. Mutum idan yana kare kansa, bakinsa yakan riga hankalinsa, kuma ba ya duba wanda zai taka.

Shamsuddeen ya dubi yaransa, suka juya.

*

Ruga ɗaya ce ta rage a kewayen Tungar Kanya. Sauran sun tashi shekarun baya, wasu don tsoron 'yan daji, wasu don tsoron 'yan gari. Ja'e ne ya ƙi tashi. A nan aka haife shi, matarsa ke kawo wa rabin garin nono, kuma bai taɓa rigima da kowa ba sai kan ɓarnar gona, wadda yakan biya.

Suka kawo shi ƙofar Maigari hannayensa ɗaure ta baya da igiyar rama, gefen bakinsa ya fashe.

"Ranka shi daɗe, a ba mu shi mu kai shi bayan rafi mu yi mai tambayoyi," in ji Shamsuddeen. "Yau barewa, gobe mutum. Hanya yaz zo duba wa 'yan daji."

Babu wanda bai san abin da ake nufi da bayan rafi ba. Waɗanda aka kai can ba su dawo sun faɗi tambayoyin da aka yi musu ba.

Maigari tsoho ne, kuma ya san ikonsa bai kai tsawon bindigar Shamsuddeen ba. Ya ce, "Mutum yana zaurena, baƙona na. Ku bari a sallaci la'asar. In ba a samu wani batu ba, mu sake zama."

"La'asar," in ji Shamsuddeen. "Ba mu ƙara ko minti."

Mahmuda yana tsaye a bayan jama'a, duk a kunnensa.

*

Ya sami Ja'e a kusurwar zaure, ya tsuguna kusa da shi, ya kai masa moɗar ruwa baki.

"Ja'e, hwaɗa mani gaskiya. Ka shiga gandun?"

"Na shiga."

"Mi yak kai ka?"

"Saniyata ta tsinke, tab bi ɓular waya. Da asuba nib bi ta. Nig ga abin nan kwance, jikina yam mutu. Nik koro saniyata nif fito." Ya tofar da jini. "In da ni niy yanka, Mahmuda, in bar nama ga angulu? Ɗiyana bakwai."

"Da asuba kac ce? Bayan ruwa?"

"Kai ka karatun ƙasa, ba ni ba." Ja'e ya ɗago ya dube shi. "An ce kai kac ce ni na."

"Cewa niy yi takalmin makiyaya."

"Makiyaya nawa sunka rage?"

Mahmuda ya roƙi wani ɗan sa-kai ya sassauta igiyar, saurayin ya yi dariya ya ce ya je ya sassauta wa barewa tukuna.

*

A bakin ƙofar gandun ya tarar da Mubashir, direban motar zagaye, yana ƙoƙarin tayar da ita. Fitilar hagu ta fashe, ƙarfen gaba ya ɗan lotsa.

"Ina zuwa da rana tsaka?"

"Ƙaura, Baba Mahmuda. In canza hitila."

"Mi yas same ta?"

"Ginshiƙin ƙofa nid doka da zan shigo."

Mahmuda ya taka ya duba ginshiƙan biyu. Fentin Salla na nan a jikinsu ko ƙwarzane babu. Ya dawo ya sa yatsa cikin tsagar fitilar, ya zaro wasu 'yan gasu jajaye masu laushi, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Ginshiƙin Alhaji ya fara tsiro gashi?"

Mubashir ya kifa kai a kan sitiyari. "Ni ban yanka ta ba. Wallahi tallahi ban yanka ta ba."

Wannan kam Mahmuda ya yarda. Duk garin an san Mubashir. Ko kaza matarsa maƙwabta take aika wa, kuma ranar Salla da aka yanka ragon gidansu suma ya yi, sai da aka yayyafa masa ruwa.

"To wa?"

"Ni ban ga komi ba. Na ba da baya."

"Ka san Ja'e na ɗaure?"

"Na sani. In Alhaji ya ji na bar hanya, aikina ya ƙare. Ka bar ni, Baba, don girman Allah."

Mahmuda ya zare makullin motar ya sa a aljihu. "Ƙaura ba ta gudu. Ka zo ƙohwar Maigari da la'asar."

*

Baƙin jiya Hajiya Zuhura ce, mai sayar da atamfa a Shinkafi, da jikokinta. Tana zaune a barandar masauki, an ɗaure kaya, duk da ta ce za ta yi mako.

"A'a, Sarkin daji! Jiya munka neme ka munka rasa. Kawo mashi lemu."

"Na gode, Hajiya. Yaya zagaye?"

"Lahiya lau. Mun ga jimina, mun ga birai. Wani biri ya sace wa yarinyar nan biskit, munka yi ta dariya."

"Barewa hwa?"

"Daga nesa."

"Har yanzu da nesa take da fitilar mota?"

Hajiya ta gyara mayafi. "Ka ga, malam, ni baƙuwa ce. Hutu niz zo yi da yara, ba shari'a ba. Dabba ce ta tsallako. Hoto kawai nic ce shi matsa mu ɗauka, don yaran su nuna a makaranta. Ni nis san za ta yanko ta gabanmu?"

"Ke kika ce shi bar hanya?"

"Cewa niy yi shi matsa kaɗan. Kaɗan."

"Da ta hwaɗi, wa ya sauka?"

Hajiya ta dubi ƙasa, ta dubi jikokinta, sannan ta ce, "Akwai mutanen da bakina bai iya ambata. Kai ma naka bai iyawa. Ka bar maganar nan, a biya Alhaji dabbarshi a wuce wurin."

"Akwai mutum ɗaure saboda ita."

"Ai za su sake shi. Sun saba da irin wanga, su Fulani."

Haka mutane suke lallashin zuciyarsu. Ba ta tsani Ja'e ba, ba ta ma taɓa ganinsa ba. Ta dai auna kunyarta da ransa, ta ga kunyarta ta fi nauyi.

*

Mahmuda ya koma gindin aduwa. Alhaji ya sa an feɗe barewar an binne naman, fatar tana shanye a kan reshe. Inda gawar ta kwana ƙasa busasshiya ce ƙayau, alhali kewayenta duk laima. Ke nan ta mutu kafin ruwa, sawun Ja'e kuwa a kan laimar yake. Da safe wannan yana gabansa, da ya ɗaga ƙafarta ɗaya kawai da ya gani.

Ya tsaya ya dubi siffar busasshen wurin. An kwantar da ita ne a gefen hagu, wuyanta yana fuskantar gabas. Dabbar da mota ta buge ba ta zaɓar alƙibla. Juya ta aka yi.

Kusa da inda wuyan yake akwai wani reshen farar ƙaya. Da safe ya ɗauka iska ce ta kawo shi. Yanzu ya lura babu farar ƙaya a kusa, kuma gindin reshen da wuƙa aka sare shi. Ya ɗauke shi, ya tona ƙasar da yatsu. Ɗan rami ne mai tsawo kamar ƙwarya da aka matse, cike da daskararren jini, an rufe shi an daddanna.

Ɓarawo ba ya haƙa wa jini rami. Maharbi ma ba ya yi. Mai yin haka shi ne wanda ya saba yanka wa mutane dabbar layya da ta suna a tsakar gidajensu. Kuma a duk Tungar Kanya mutum ɗaya ne yake ɗora ƙaya a kan ramin don kada karnuka su tona su sha jinin da aka ambaci sunan Allah a kansa. Mahmuda ya riƙe masa ƙafafun rago shekara da shekaru. Wannan Sallar ma shi ya saro masa ƙayar.

Malam Abbati, limamin gari, mahaifin matarsa Azumi.

Kuma Mahmuda ne da kansa ya ce wa Mubashir jiya, tunda kujerar gaba za ta tafi babu kowa, a ɗauki Malam ya ga jimina, bai taɓa gani ba. Tun safe ya san wanda ya zauna a kujerarsa. Ya tambayi kowa, ya kewaye wannan gida ɗaya kamar ba ya cikin garin.

*

Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zauren surukinsa. Malam yana zaune da littafi a buɗe, amma ba karatu yake ba.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai. Ya iyali?"

"Lahiya lau. Suna gaisuwa."

"Madalla."

Shekara ashirin Mahmuda bai taɓa kallon tsakiyar idon mutumin nan ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Yau kuma ya zo ya ce masa me?

"Baba, an kama Ja'e."

"Na ji."

"Da la'asar za su kai shi bayan rafi."

Yatsun Malam suka tsaya a kan carbi. "Maigari ba ya bari. Allah shi bayyana gaskiya."

"Amin."

Ya jira. Malam ya juya shafi. Mahmuda ya yi sallama ya tashi, yana jin haushin kansa. Kunyar suruki abu ne mai kyau, iyayenmu ba su yi kuskure da suka koya mana ita ba. Amma ba a yi ta don a rufe bakin mutum alhali ana shirin kashe wani ba.

A hanya ya yi tunani. Akwai magana iri ɗaya tak da suruki zai iya yi wa malami a gaban jama'a ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Ya biya gandun, ya roƙi Alhaji fatar, ya naɗe ta ya saƙala a hammata.

*

An taru a ƙofar Maigari kafin kiran salla. Alhaji Sodangi na kan kujera. Malam Abbati na kan buzunsa a dama da Maigari. Mubashir ya raɓe a jikin bango. Hajiya Zuhura tana cikin motarta a gefe, gilashi a sauke rabi. An fito da Ja'e an zaunar da shi a rana.

"To, mai bin sawu," in ji Shamsuddeen. "Ka samo muna wani Bahillacen, ko wanga dai za mu yi da shi?"

Yaransa suka yi dariya.

Mahmuda ya durƙusa gaban Maigari. "Ranka shi daɗe, da sahe na yi magana ban gama duba ba. Jiya ban ma zo aiki ba, Zurmi nit tahi, Alhaji shi gahwarce ni. Barewar nan kahin ruwa tam mutu. Ja'e bayan ruwa yas shiga."

"Kai kaɗai ka ganin haka," in ji Shamsuddeen. "Da sahe ka ce shi, yanzu ka ce ba shi ba. Nono nawa anka ba ka tsakani? In ba shi ba ne, hwaɗi suna."

Mahmuda ya dubi Mubashir, Mubashir ya dubi ƙafafunsa. Gilashin motar Hajiya ya ƙarasa hawa sama.

Sai ya juya, har yanzu a durƙushe, ya warware fatar, ya shimfiɗa ta gaban Malam Abbati. Bai ɗago kai ba.

"Allah shi gahwarta Malam, ina da tambaya."

"Yanzu?" in ji Shamsuddeen. "Karatu munka zo?"

"Bar shi," in ji Maigari.

"Alhaji ya ba ni hwatar ga. Ina so in jeme ta in yi buzu, in kai masallaci a riƙa salla bisa. Malam ya karantar da mu cewa hwatar mushe ko an jeme ta ba a salla kanta. To ni ban san yadda wagga tam mutu ba. Ban san ko da sauran rai anka yanka ta ba, ban san ko an ambaci Allah ba. Abin da Malam yac ce shi zan yi. In kai ta masallaci, ko in yar?"

Wasu sun ɗauka Mahmuda ya zautu.

Malam Abbati ya dubi fatar. Tun jiya yake shiru, kuma ya gaya wa kansa shiru ba ƙarya ba ne. Amma yanzu tambaya aka yi masa ta addini, a gaban mutanen da suke binsa salla. In ya ce bai sani ba, ya yi ƙarya a kan hukuncin Allah. Wannan kuwa bai taɓa yi ba, kuma ya tarar ba zai iya ba.

"Ka kai ta," ya ce a hankali. "Ba mushe ba ce."

"Malam ya tabbata?" in ji Maigari.

"Tana numhwashi. Tana shure-shure. An ambaci Allah." Ya ajiye carbin. "Ni niy yanka ta."

Malam ya ci gaba, idonsa a kan fatar.

"Mota tab buge ta, ƙahwahunta na baya sunka karye. Nig ga za ta mutu mushe gabana, hannuna yat tahi ga wuƙa kahin in yi tunani. Sai da nig gama nig ga cikin da ke jikinta. Yaron nan yad durƙusa yana kuka kan aikinshi. Hajiya tac ce a rufa. Nic ce to. Da sahe nij ji an kama Ja'e, nic ce bari in jira azahar, wata ƙila a sake shi. Azahar ta wuce nic ce bari in jira la'asar." Ya ɗaga kai ya dubi Ja'e. "Da surukina bai tambaye ni ba, ban san ko zan tashi ba. Wanga shi na gaskiya."

Alhaji Sodangi ya rufe fuska da hannu. "Malam, da ka zo ka hwaɗa mani, wallahi da na ce Allah shi ba da lada. Dabba ce hwa. Dabba!"

Shamsuddeen ya gyara ratayar bindigarsa. "To ai dai ya shiga gandun mutane."

"Kwance shi," in ji Maigari, da wata murya da aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba. "Da hannunka."

Ladan ya kira salla. Malam Abbati bai wuce gaba ba. Ya ce wa na'ibinsa ya ja, shi kuma ya tsaya a sahun ƙarshe.

*

Mahmuda ya cim ma Ja'e a bakin gari. Igiyar ta kashe masa hannun dama, yatsun sun kumbura sun ƙi lanƙwasuwa, sandarsa ma a hammata ya matse ta.

"Ja'e, tsaya. Bari in kai ka Ƙaura a duba hannun."

"A'a."

"Ka yahe mani. Bakina yaj jawo maka."

Ja'e ya tsaya, amma bai juyo ba. "Liman ya ji tausayin barewa, bai bari ta wahala ba. Ni tun sahe nike ɗaure." Ya gyara sandar. "Gobe za mu tashi."

"Ina za ku? Ko'ina daji ya ɓaci."

"Ban hwaɗa maka. Kai in ka sani, hwaɗi kakai."

Ya kama hanyar rugarsa. Mahmuda ya tsaya riƙe da hularsa, bai bi shi ba.

Da gari ya waye matan Tungar Kanya sun fito da ƙorensu suna jiran mai nono har rana ta take. Azumi ma ta fito da tata. Mahmuda yana zaune a ƙofar gida yana kallonta, ya rasa yadda zai ce mata ta koma ciki.